Ba Ruwanka, In Ji Algis

Abhur, Jidda
Rajab, 1997

Zuwa ga ƙanwata A'i, a Tasawa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya ƙafar nan taki? Ni lafiya lau, sai tsufa. Abdulghani tela ne ke rubuta mini kamar kullum, in kin ga kuskure nasa ne.

Kassimu ya kawo mini saƙonki. Kin ce tunda matata Dela ta rasu in tattara in dawo gida. A'i, ba zan zo ba. In na tafi wa za a kira? Duk Bahaushen da ya mutu a garin nan ba takarda, ni ake aiko wa in duba fuskarsa in ce ɗan wane ne, daga gari kaza, a kai wa danginsa labari. Ban iya alƙalami ba, amma a kaina suke duka, har da waɗanda muka shigo tare da su a saba'in da biyar.

Akwai mutum guda da ya gagare ni. A wurin da nake gadi, inda ake gyaran jiragen ruwa na masu kuɗi, an kawo wani Bature makanike, Algis, daga wata ƙasa Lituwaniya. Dogo ne, ya manyanta, ɗakinsa na jikin nawa. Kowace safiya ina gaishe shi yadda aka koya mana, da ɗan Larabcina: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya yara. Da na kai kan iyali sai ya ɗaure fuska ya ce da harshensu, ne tavo reikalas. Na tambaye shi ma'anarsa, ya tokare ni da tafin hannu ya faɗa mini da Larabci. Ba ruwanka, ke nan. Ni Isha'aku, da furfurata! Ban fasa ba. Shi ma bai fasa ba. Na ma hardace abin, jiya na jefa wa Abdulghani shi da ya tambaye ni haƙorana nawa suka rage.

Ba ya samun wasiƙa, ba ya zuwa hutu. Da yamma yana zama bakin ruwa, ni ma ina zama, tsakaninmu kujera guda ba kowa a kai.

Ki gaida Rahamatu da Mariyamu.

Yayanki,
Isha'aku

Abhur, Jidda
Bayan ƙaramar salla

Ƙanwata A'i,

Gaisuwa da fatan kun yi salla lafiya. Allah ya maimaita mana.

Algis ya rasu. Na san za ki ce ba Musulmi ba ne, ba dangi ba ne. Maƙwabci ne, bango guda ya raba mu.

A tsakiyar azumi na daina jin tarinsa da safe. Na yi sallama a ƙofarsa, ya amsa mini da maganar nan tasa daga ciki, amma muryar ba ƙarfi. Na dama kunu na tura ƙofar na shiga. Ƙafafunsa sun kumbura kamar turmi. Ya zage ni da harshensu, na bar shi ya gama, na ba shi kunun ya sha. Ni na je na tsaya wa kafili, maigidan da ya ɗauke mu aiki, a ƙofa har ya sa aka kai shi asibiti.

Kullum ina zuwa dubiya, mota biyu nake hawa. Kullum ina tambayarsa wa yake da shi, don kin san irin ciwon da in an gan shi an gane. Sai ya juya wa bango fuska. Na ce masa, Algis, ni aikina ke nan, ba gulma ba ce. In ka tafi ba wanda ya sani, wani yana can yana jiran ka har ya mutu, ko yana fushi da kai a banza. Ya ce ba mai jiran sa. Na ce ba kai za ka faɗa ba.

Ana jibi salla ya kama hannuna da kansa. Ya ce Rasa. 'Yarsa ce, tana Kalaipeda, garin bakin teku. Ya baro ta tana ƙarama, ya yi alkawarin shekara guda, kunya ta hana shi komawa. Na ce me zan faɗa mata. Ya ce in ce mata bai manta ba. Washegari na tarar da gadon an canza zane.

An binne shi a maƙabartar Nasara da ke kusa da unguwar Balad, a cikin gari. Daga ni sai direban kafili da masu haƙa. Ban san me ake faɗa a wurinsu ba, sai na tsaya kawai har aka gama.

Kafili ya ce ya aika saƙo inda takardunsa suka nuna, an ce ba a san shi ba, mutanen gidan sun tashi tun da daɗewa. Ya ce halas, shi ke nan, in manta. Ni ban san yadda ake yin hakan ba.

Yayanki,
Isha'aku

Balad, Jidda
Watan Safar

A'i,

Ina gaishe ki, ina gaida gida duka. An ce ruwa ya sauka da wuri wajenku, Allah ya sa albarka.

Kin aiko cewa na haukace, ina yawo da saƙon mamaci. To ji yadda aka yi.

Na tuna yadda muke yi tun kafin waya. In kana da sallahu, ka nemi matafiyi mai zuwa garin ka ɗora masa. Ma'aikatan manyan jiragen ruwa suna shigowa kasuwar Balad sayen rediyo da zinariya. Sai dai Turawa duk kamarsu ɗaya a idona, kuma in na ce Lituwaniya ba mai tsayawa, suna zaton bara nake. Abu guda na iya da harshensu. Sai na riƙa zama kusa da shagon Abdulghani duk ranar Juma'a bayan la'asar, kowane ayari ya zo wucewa in ɗaga murya in ce ne tavo reikalas. Abdulghani ya ce zan jawo masa 'yan sanda. Masu shaguna suka sa mini suna da shi. Hajji ya zo ya wuce, ina nan.

Juma'ar da ta wuce wani jan saurayi mai ɗauke da kwali ya tsaya cak, ya juyo yana neman wanda ya zage shi. Da ya ga tsoho baƙi a kan tabarma sai ya fashe da dariya har kwalin ya kusa faɗuwa. Ni kuwa hawaye ne suka zo mini, ban san daga ina ba.

Wani mai shago ya yi mana tafinta. Saurayin ya san garin, can jirginsu yake komawa. Na ba shi sallahun: Rasa 'yar Algis makanike, ubanta ya rasu a Jidda a watan azumi, ba shi kaɗai ba ne, an ba shi ruwa, ya ce bai manta ba. Na sa ya maimaita har ya zauna masa. Ya ce masu suna Rasa suna da yawa a garin. Na ce a Tasawa ma A'i ba ɗaya ba ce, amma ka ce A'i ƙanwar Isha'aku ka ga in ba a kai ka har ƙofar gida ba. Ya daina dariya, ya ce zai tambaya a tashar jiragen, tsofaffi za su san uban.

Ko zai kai, ko zai manta kafin jirginsu ya fita teku, ba zan taɓa ji ba. Ban ba shi adireshina ba, ban ma tuna ba sai da ya ɓace cikin mutane. Na naɗe tabarmata na koma Abhur. Yau Juma'a ce kuma, na shirya tun azahar, na sa takalmi, sannan na tuna ba ni da wurin zuwa. Shi ya sa na zo na zaunar da Abdulghani ya rubuta miki.

Ki rubuto, ko faɗa ne.

Yayanki,
Isha'aku