Yadda Ɗalibaina Suka Haɗa Baki Suka Faɗi Jarrabawa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Kula da Azuzuwan Manya na shiyyarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali da sauran 'yan kwamiti, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Mu ma a nan Ƙaura Namoda lafiya lau muke, in ban da 'yar kunyar da ta same mu, wadda na san labarinta ya riga wannan wasiƙa isa gare ka.

Sunana Lawali. Da safe ina koyar da yara labarin ƙasa da kimiyya a sakandare, bayan la'asar kuma ina tare da iyayensu da kakanninsu a ajin manya da ke zama a wani ɗaki na firamaren unguwarmu. Ni ne malamin nan da ɗalibansa maza suka faɗi jarrabawar kwamitinka kaf, ba a samu ko mutum guda da ya tsallake ba. Takardarka ta iso ni. Ta ce tunda ajin bai tsinana komai ba, za a rufe shi a ƙarshen wannan wata, a ba sababbin masu koyon baƙi ɗakin. Na zaɓi in amsa a fili ne domin faɗuwar tamu ma a fili take. Har a tashar mota an tare ni ana yi mini jaje, mai shayi ma ya ƙara mini madara don tausayi.

Ga abin da nake so ka sani kafin a sa kwaɗo a ƙofar.

Na ɗaya, asalin ajin. Mun buɗe shi ba da jimawa da ƙirƙiro Jihar Zamfara ba, lokacin da kowa ke ta zumuɗin cewa yanzu gwamnati ta matso kusa, ya kamata mutum ya iya karanta abin da aka liƙa a bango. Da koyon baƙi da wasali muka fara, kamar kowane aji. Sai dai da mutanen suka iya karatu, ba wanda ya tashi. Wanda ya iya karanta allon tashar jirgin ƙasa, gobe sai ya dawo yana tambaya me ya sa dogo ya taho tun daga Zariya ya ƙare a garinmu bai wuce ba. Daga nan muka shiga tarihin gyaɗa da auduga da zuwan Turawa, muka koma baya zuwa tsofaffin biranen Zamfara da Gobir. Wani ya kawo ƙwarya mai zane, muka yi mako muna kwatanta zanen mutanen Zurmi da na Fulanin daji, har kowa ya gwada nasa. Da aka ƙaddamar da Shari'a, tambayoyi suka ƙaru. Masu hatsi suna son su gane lissafin zakka da kansu, wasu suna son su fahimci yadda ake kasa gado, kowa kuma yana son a baje abin da ya ji a rediyo a tattauna shi cikin natsuwa. Abin da ya shafi hukuncin addini nakan tura su wurin malamansa, ni kuma in riƙe lissafin da taswirar.

Haka ajin ya zama wurin da ba a gama shi. Akwai Baba Maiwada, tsohon direban babbar mota wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, yanzu gwiwa ta ajiye shi. Shi ne mai zama a bencin gaba, kuma shi ne ba ya barin in wuce darasi sai ya gamsu. Akwai Malam Jaɓɓi, makiyayi daga wajen Sakajiki, wanda ke turo kekensa ta hanyar daji, in damina ta yi ƙarfi ya iso da laka har gwiwa ya zauna yana murmushi. Waɗannan mutane ba aiki suke nema ba, ba kuma ƙarin girma ba. Sani suke so, don daɗinsa.

Na biyu, abin da ya faru da mata. Su nasu ajin daban yake, Asabar da Lahadi da hantsi, a hannun abokiyar aikina Malama Saratu. Da sabon tsarin kwamitinka ya zo, wanda ya ce duk ɗalibin da ya jima a aji a yi masa jarrabawa, in ya ci a yaye shi ya ba wani wuri, da matan aka fara. Bayin Allah suka zage suka yi karatu, suka ci jarrabawar gaba ɗayansu. Aka yi biki mai kyau, aka raba takardun shaida, aka sha zoɓo, aka ɗauki hoto. Asabar ta zagayo suka yafo mayafansu suka taho kamar kullum, sai aka gaya musu ai sun gama.

Wadda ta zo ta ɗaya a cikinsu ita ce Hajiya Kulu mai ƙuli-ƙuli, kuma ita ce maiɗakin Baba Maiwada. Takardar shaidarta tana rataye a bango cikin gilashi. Amma tun daga ranar, duk yammacin da mijinta ya koma gida daga aji, kafin ta ajiye masa tuwo sai ya maimaita mata darasin ranar daga farko har ƙarshe, in ya yi tsallake ta gane. Ta aiko mini da saƙo ta bakin Malama Saratu, wai in tambayar mata manya, wane irin laifi ne ƙoƙari da za a kori mutum saboda shi. Ga tambayar nan na miƙo maka yadda take.

Na uku, jarrabawar maza. Ranka ya daɗe, ina roƙon ka sa a ɗauko maka takardun amsar ɗalibaina ka duba su da idonka, kada ka tsaya a kan makin da aka tara. An tambayi sunan gulbin da ya ratsa ta gefen garinmu. Baba Maiwada, wanda ya tsallaka gulbin nan na Gagare da mota fiye da yadda zai iya tunawa, ya rubuta Bahar Maliya. An tambayi babban birnin Jihar Zamfara, ya rubuta Ikko, da kyakkyawan rubutu, har da ɗigo a ƙarshe. An ce a kawo sunan dabba ɗaya mai tuƙa, Malam Jaɓɓi, mutumin da aka haifa a tsakiyar garke, ya rubuta kaza. Wani dattijo mai sayar da taki aka tambaye shi abin da shuka ke buƙata don ta girma, ya ce kananzir.

Ni ban ga takardun ba sai da sakamako ya fito. Na yi kwanaki abinci ba ya yi mini daɗi, ina ta tunanin ko shekarun nan duka surutu kawai nake yi ana gyaɗa mini kai don ladabi. Da suka ga na rame, sai suka wakilto Baba Maiwada da Malam Jaɓɓi suka same ni a ƙofar gida bayan sallar Juma'a. Sun daɗe suna gaisuwa, sun tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sun tambayi akuyata, kafin Baba Maiwada ya fito da maganar. Ashe sun yi shawara ne a gindin bedin makaranta, wato bishiyar dogon yaro, kwana ɗaya kafin jarrabawa. Sun ga abin da cin jarrabawa ya jawo wa matansu, suka ce tunda mai ci shi ake sallama, to su faɗuwa za su yi a bar su su maimaita. Abin da ya fi ba su wahala, in ji Malam Jaɓɓi, shi ne samo amsar da ba daidai ba. Ya ce lokacin da yake rubuta kaza, ji ya yi kamar shanunsa suna kallonsa.

Ban goyi bayansu ba, kuma na gaya musu. Na ce ƙarya a takarda ƙarya ce, ga shi kuma dabarar ta juyo kanmu, maimakon maimaita aji an ce a rufe shi ɗungurungum. Suka yi tsuru-tsuru kamar yaran da aka kama a gonar rake. Baba Maiwada ya ce shi kam yana ta istigfari tun ranar, kuma ya riga ya fara karɓar hukuncinsa a gida, domin Hajiya Kulu ta bi unguwa tana ba da labarin cewa ita mai takardar shaida tana zaune da mutumin da bai san Gusau ba. Duk da haka, da na tambaye shi ko ya yi nadama, sai ya sunkuyar da kai ya ce in gaskiya nake so, da za a sake a kan wannan sharaɗin, da wuya bai sake rubuta Ikko ba.

Ka gani, ranka ya daɗe, na shekara da shekaru ina fama da yaran sakandare masu neman hanyar tsallake katanga su bar aji. Ban taɓa zaton zan ga ranar da masu furfura za su zubar da mutuncinsu a takarda don kada a fitar da su daga aji ba. Raina ya ɓaci, amma in na tuna sai in ji wani daɗi ya ratsa ni.

Na huɗu, ban ce kwamitinka ba shi da hujja ba. Akwai mutane da yawa a Banga da Kurya Madaro da cikin garin nan da har yanzu ba su iya rubuta sunansu ba, kuma ɗaki ɗaya ne muke da shi. Haƙƙinsu ne su samu wuri, ni ma zan fi kowa murna da zuwansu. Inda tsarin ya kuskure shi ne da ya ɗauki karatun manya kamar na yara, mai farko da ƙarshe da ranar sallama. Yaro in ya gama aji akwai wani a gabansa. Dattijo in ka yaye shi, ina za shi? Bencin ƙofar gida kawai zai koma.

Akwai kuma abin da ya sa rufewar ta zo a mummunan lokaci. Ka ji dai ana ta sanarwa cewa za a yi kusufin rana, kuma yankinmu na cikin inda za ta rufe ruf da hantsi. Ranar za ta zo ne makonni kaɗan bayan ranar da aka sa za a rufe mu. Muna tsakiyar wannan darasi jarrabawa ta katse mu. Da lemo da ƙwallon yara da tocila muke yinsa, mu rufe tagogi, wani ya riƙe duniya wani ya riƙe wata. Mutanen nan sun ƙudura cewa in ranar ta zo za su yi sallar kusufi tare da jama'a, sannan su iya gaya wa jikokinsu yadda Allah ya tsara tafiyar wata har ya shiga tsakani, su kuma hana yara kallon rana da ido tsirara. Malam Jaɓɓi yana son ya lura ko shanu za su nufi gida in duhu ya sauko. Ban so a rufe ƙofa lemon yana hannunsu.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka.

A janye maganar rufe ajin. Ɗakin kuwa a ba sababbin, mun yafe shi da zuciya ɗaya. Tsofaffin ɗalibai sun ce gindin bedi ya ishe su, kowa zai zo da tabarmarsa, in damina ta faɗi limamin unguwarmu ya yi mana alkawarin zaurensa. Allo ɗaya kawai muke so a bar mana, da izinin shiga harabar makaranta. Da yawansu ma sun ce za su riƙa zama kusa da sababbin suna kama musu hannu.

A mayar wa mata ajinsu. Malama Saratu a shirye take, kuma ba a kyauta ba a ce waɗanda suka yi gaskiya su ne a waje.

A raba tsakanin takardar shaida da sallama. Wanda ya ci a ba shi takardarsa, a tafa masa, gobe ya dawo ya zauna.

In kuma kwamiti ya ga lallai sai an sake jarrabawar don a wanke sunan ajin, mun yarda, ko gobe. Sun ɗaukar mini alkawari a gaban liman cewa za su rubuta abin da suka sani tsakaninsu da Allah, muddin aka tabbatar musu cewa ci ba zai kore su ba.

Daga ƙarshe, ina gayyatarka ka zo Ƙaura ranar kusufin ka tsaya tare da mu a filin makaranta. Baba Maiwada ya riga ya bi masu walda na bakin tasha ya aro baƙin gilashinsu mai kauri, ya ware maka guda ya naɗe a tsumma. Ya ce shi zai yi maka bayanin da kansa, da lemonsa da tocilarsa, Hajiya Kulu kuma ta ce za ta tsaya daga sashen mata tana saurare ko zai yi tsallake. In ya gama, ka tambaye shi sunan gulbin garinmu.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya yi wa zuriyarka albarka. Allah ya sa kai ma, ranar da ka ajiye aiki, ka sami aji a unguwarku da ba za a ce maka ka gama ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Lawali,
Malamin ajin manya, Ƙaura Namoda.