Mutumin da Bai Ɗaga Kai Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, Ya sanya albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan sai godiya. Maigidana ya warke daga ciwon bayan nan, har ya koma shago. Inna tana ci, tana barci, tana kuma faɗa yadda ka san ta. Idon ne dai. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma likita ya ce hawan jinin ido ba ya mayar da abin da ya ci, sai dai a rage masa gudu da magani. Abin da ke gabanta sak tana gani, na gefe kuwa babu. Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Sau biyu ina gwadawa kuka na hana ni, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna tsohuwar tashar jirgin ƙasa inda muke wasa a kan dogo? Ɗakin sayar da tikiti yanzu an mai da shi wurin ajiye kayan tarihi. Wajen kwashe tarkacen sito aka tarar da wani gwangwani mai faɗin faranti, a cikinsa akwai fim ɗin da aka ɗauka sama da shekara tamanin, lokacin da jirgi ke ratsa kwazazzabon kogi. Kawu ne ya fara ji, ya shigo gida yana haki, wai a shirya a je a ga Kakanmu a cikin fim ɗin. Ka san tun muna yara yake cika mana baki cewa mahaifinsu direban jirgi ne, alhali shi yana goye aka yi rasuwar. Inna ce ta san shi, shekararta bakwai a lokacin, kuma ko hoto ɗaya bai bari ba. Ta sha gaya mini fuskarsa ta ɓace mata, takan rufe ido ta nema ta rasa. Da ta ji maganar Kawu sai ta tambaye ni ko za a bar ta ta zauna a gaba.

Ranar Asabar da hantsi muka je. An toshe tagogi da barguna, an jera benci, ɗakin yana warin tsohon mai. Mai majigin wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin jirgi. Kawu ya sha sabuwar riga da turare, kafin mu zauna babu wanda bai gaya wa cewa ɗan direba ya iso ba.

Yaya, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Fim ɗin ba shi da sauti, sai ƙarar majigi, amma na rantse na ji ƙugin ruwa a kunnena. Ƙarafan dogo biyu suna ta gudowa gare ka kamar kai ne jirgin. Can sai duwatsu suka taso dama da hagu, suka yi ta hawa har sama ta koma ɗan tsagi. Kogi na can ƙasa yana tafasa, fari fat, hanyar kuwa a jikin dutsen aka sassaƙe ta, faɗinta bai kai tsakar gidanmu ba. Da aka hau gada ƙasa ta ɓace gaba ɗaya, na damƙe benci, wata mata a bayana ta saki salati. Aka shiga ramin da aka huda cikin dutse, duhu ya rufe mu, sannan wani ɗigon haske ya yi ta girma har ya haɗiye bangon. Mutane ne fa irinmu suka yi wannan da diga da guduma, duk sun koma ga Allah, ga shi ruwan da suka gani yana gudu a gabanmu bai tsufa ba. Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, ranar ya mutu murus.

Da aka jima Kawu ya gaji, ya tambaya yaushe za a nuna direba. Mai majigi ya ce ai a hancin jirgin aka ɗaure kyamarar, direba yana bayanta, har fim ya ƙare ba wanda zai gan shi. Kawu ya yi tsuru-tsuru. Ni kuwa na ce a raina mun jawo tsohuwa ta ƙarar da ɗan sauran idonta a banza. Ana ta wuce leburori a gefen hanya, suna ɗaga hula suna yi wa kyamara dariya. Sai a inda hanya ta fi matsewa muka ga wani mutum shi kaɗai, ya manna baya da dutse, doguwar guduma a kafaɗarsa ta hagu. Jirgi guda na tahowa kansa amma bai ɗaga kai ba, idonsa na kan dogo. Kafin ka ja numfashi uku an wuce shi. Inna ta riƙe mini hannu har na ji zafi, ta ce a mayar.

Sau uku dattijon yana mayarwa. Ya ce wannan mai duba dogo ne. Kullum kafin jirgi ya taso shi ke ratsa kwazazzabon da ƙafa, yana bugun kowace mahaɗar ƙarfe yana sauraron wadda ta saki. Idan jirgi ya zo kuma ba jirgin yake kallo ba, ƙarfen yake kallo ya ga inda zai lotsa. Sai Inna ta ce, a hankali amma kowa ya ji, "Shi ne. Baba bai taɓa tuƙa jirgi ba, a ƙasa yake tafiya. Ko gida haka yake shigowa, kai a sunkuye, kafaɗa a karkace." Ashe ta sani duk shekarun nan. Ta ce ta ƙyale Kawu da direbansa ne don shi bai sami uban da zai tuna ba. Kawu ya yi kuka kamar yaro. Yanzu kuma ya canza waƙa, wai ba don mahaifinsa ba da babu direban da ya isa ya ƙetare.

Na roƙa a tsayar da hoton ko za a ga fuskar, dattijon ya ce zafin fitila zai ƙone fim ɗin. Iyakar abin da ake gani saman hula ne da ɗan haɓa. A hanyar gida na ba Inna haƙuri, sai ta ce ba fuskar take tunani ba, kai Yaya take tunani. Ka tuna yadda take ranƙwashinka don kana tafiya kai a ƙasa kamar mai neman allura, kafaɗar hagu a zube? Ta ce duk sanda ta gan ka haka zuciyarta takan yi nauyi ba ta san dalili ba, sai ta huce a kanka. Ranar Asabar ta gane dalilin. Ta ce in rubuta maka ka yafe mata, kuma kada ka aiko da komai, ka zo da kanka ka ratsa tsakar gida a gabanta. Likita bai yanke lokaci ba, amma da na matsa masa ya ce kada mu sa ran idon zai kai baɗi.

Ka gaishe mini da Anti, da 'Yan Biyu, da Auta mai rigima. Kawu da maigidana suna gaishe ka, Goggo ta ce har yanzu tana fushi da kai amma a gaishe ka. Allah Ya kawo ka lafiya, Ya sa ka tarar da idon a buɗe. Idan ka shigo, don Allah kada ka gyara tafiyarka.

Taka ƙanwa har kullum,
Sarkin Surutu