An Tambaye Ni a Gaban Jama'a, An Ba Ni Amsa a Ɗaki

Zuwa ga Shugaban asibitin da nake karɓar magani a Unguwar Rimi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba. Da kunya nake rubuta wannan takarda, domin zan ambaci abin da mace ba ta faɗa a fili. Amma a fili aka kunyata ni, shi ya sa na kawo ta fili.

Ni bazawara ce, ina zaune a Abakpa. Baban yarana direba ne a wata ma'aikata, ya rasu ya bar ni da yara uku. Na fita takaba lafiya. Bayan nan ne jikina ya canza. Barci ya ƙi, abinci ya fita raina, ina jin sanyi ana tsakiyar zafi, gashina yana bin mataji. Sai al'adata ta ɗauke, kuma ruwan nono ya dawo, alhali na daɗe da yaye autana. Yayar mijina, Hajiya Ladi, ita ta rako ni asibitinku don tausayi.

Na farko. A teburin awo, inda mutane ke zaune a benci, na faɗa wa ma'aikaciyarku damuwata a hankali. Sai ta ɗaga murya ta ce wannan ai alamar ciki ce, ta tambaye ni ina mijina. Na ce ya fi shekara da rasuwa. Ta dube ni, ta dubi abokiyar aikinta, ta ce a fara yi mini gwajin ciki. Kowa ya ji. Hajiya Ladi ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta jira ni ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na biyu. Babu ciki. Likitanku, Allah ya saka masa da alheri, ya sa aka ɗebi jinina, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce ciwon damuwa ne ya kama ni. Ya ce akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ita ke aika umarni ga halittar nan ta wuya da idan ta kumbura muke kira maƙoƙo, ita dai 'yar tsokar ce kuma ke kula da al'ada da nono. Damuwa mai tsanani tana rikita umarninta, raunin ta wuyan kuma yana ƙara damuwar. Tawa ta wuya ta yi rauni. Ya ɗora ni a kan magani, kuma ina samun sauƙi. Sai dai wannan bayani ni kaɗai na ji shi, ƙofa a rufe.

Na uku. Kafin in kai gida magana ta riga ni. Da aka ga ciki bai fito ba, sai aka ce zubarwa na yi. Na daina zuwa Islamiyya, ko gidan suna ba na shiga. Baffan yarana ya zo ya kwashe su ya kai Katabu, ya ce ba za su tashi a hannuna ba. Na yi masa bayanin likita iyakar iyawata, ya ce ko a garin gaɓa-gaɓa bai taɓa jin baƙin ciki ya kawo nono ba. Ban ga laifinsa sosai ba, ni ma da ban sani ba.

Ba na neman a kori kowa, ma'aikaciyar nan ita ma tana da masu ci a hannunta. Roƙona shi ne a daina yi wa mata irin wannan tambaya a gaban benci. Sannan ka sa likita ya kira Hajiya Ladi da baffan yarana, ya maimaita musu abin da ya faɗa mini. Na yafe sirrina, a faɗa musu komai. Daga bakina ba za su yarda ba, daga bakinku suka ji na farko.

Autana Sadiku har yanzu ba ya barci sai ya riƙe gefen zanena. Ban san gefen zanen wa yake riƙewa a Katabu ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya rufa maka asiri kai da iyalinka, ya sa kada wata taka ta tsaya inda na tsaya.

Wassalam.

Maman Sadiku,
Abakpa, Kaduna.