Asabar ɗin da Aka Sa Muryarka

Zuwa ga aminina Idi Na-Beli,

Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, ni za ka miƙo wa ka ce ɗan elemantare ya duba maka, ni kuma in karanta abin da ya yi mini daɗi in tsallake saura. Yau ba zan tsallake komai ba.

Gida lafiya. An gama cinikin gyaɗa, lorin kamfani ya daina zuwa Ƙaraye. Ƙaninka Sale ya karɓi teburinka na nama a kasuwar Rogo, amma hannunsa nauyi gare shi, yana yanka wa mutane fiye da kuɗinsu. Hajara tana takaba. Inna idon ya ƙara dushewa, sai dai kunnen nan nata yana nan yadda ka san shi.

An sa muryarka a rediyo, Idi. Ranar Asabar ta uku bayan rasuwarka.

Ka tuna yadda abin ya faro. Ma'aikacin tashar Kano ya tsaya a teburina sayen batir, ya ga akwatin rediyona da mutanen da ke kewaye shi, ya ce suna neman damben ƙauye su ɗauka. Ya bayyana mini tsarinsu: shirin wasanni na ranar Asabar daga Ikko yake tasowa, ya biyo ta Kaduna, tashar Kano ta karɓa ta watsa mana, in an gama ƙwallo sai a bar wa Kano kwata ɗaya, wato minti goma sha biyar, ta sa nata. Ni kuwa ka san ni, kafin ya rufe baki na riga na sayar masa da kai. Na ce duk yammacin Kano babu hannu irin naka. Ban gaya masa shekara bakwai rabonka da ɗaura zare ba.

Kai na ce maka don sunan Beli ne. Ƙarya nake. Lissafina shi ne in aka ji ɗan ƙasarmu a akwatina, babu wanda zai ƙara zama wurin mai rediyon bakin tasha. Don in cika benci biyu na je na tayar da kai daga kan teburinka.

Ranar damben, yaron nan na Fulatan ya girme ka da ƙarfi, ka girme shi da shekaru. Turmi biyu babu kisa. Sarkin Pawa ya shiga tsakani zai raba ku, kamar yadda aka saba yi wa manya don a tashi da mutunci. Sai aka koma turmi na uku, ya same ka a haƙarƙari, ka durƙusa. Kowa ya ɗauka zuciyar 'yan dambe ce ta mayar da kai. Ni ma na bar su a haka.

Da tarin ya fara zuwa da jini na ɗauko ka zuwa zaurena, don ka kusanci malamin asibiti. Asabar nawa muka yi a zauren nan? Da la'asar in ɗaura wayar rediyon a reshen darbejiya, in jingina ka da bango, mu zauna muna jin Bature yana zuba Turanci kamar ana korarsa. Wata Asabar aka yi kunnen doki a Ikko, aka ƙara musu lokaci, kwatar Kano ta tafi. Wata kuma Gwamna ne ya yi jawabi. Wata aka sa sukuwar Kaduna. Kullum sai mai sanarwa ya ba da haƙuri ya ce sai mako mai zuwa, ni kuma in maimaita maka kamar ni na ƙirƙiro maganar. Ka yi dariya har ka riƙe ƙirji, ka ce wane irin wasa ne mutum ashirin da biyu su yi ta guje-guje tun la'asar har kusan magariba ba wanda ya kai wani ƙasa. Ba ka taɓa tambayata me ya sa na kai ka ba. Abu ɗaya ka roƙa, in an sa, Inna ta ji.

Shi ya sa bayan mun kai ka makwancinka, kowace Asabar nake ɗaure akwatin da batirinsa a bayan keke in tafi Beli. Biyu na farko ƙwallo ta cinye. Ta uku aka tashi wasa da wuri, sai kawai muka ji kalangu ya cika tsakar gidanku. Mahauta suna zaure, Hajara tana bakin ƙofar ɗaki, Inna tana kan tabarma ta ɗora tafin hannu a kan akwatin. Ga kirarinka nan, Idi, da wannan shaƙewar da muryarka ke yi in ka kai ƙarshe. Har dariyarka ta fito, lokacin da makaɗi ya kira sunan Inna.

Sai aka ji Sarkin Pawa yana cewa a raba. A bayansa kuma wata murya, tar, ta fi ta kowa fitowa, tana cewa a bar su, Idi bai gaji ba, a ƙara turmi ɗaya. Har sau uku. A fili ranar hayaniya ta rufe ta, kai kaɗai ka juyo ka dube ni kafin ka koma. Muryata ce, Idi. Na manta a gefen na'urar ɗaukar murya nake tsaye, ina riƙe wa ma'aikacin laima. Ya raɗa mini cewa tef ɗinsa da saura kuma bai samu kisa ba, ni kuwa ban saba barin mai saye ya tafi hannu rabbana ba.

Daga Kano har iyakar inda tashar ke kaiwa, kowa ya ji ni. Hajara ta saki labule. Sale ya tashi ya fita. Inna ba ta ɗauke hannunta ba sai da aka koma labarai, sannan ta nemi a sake sa mata kai. Yaya zan yi mata bayanin cewa akwatin ba ya komawa baya? Na hau lori na je Kano, na wuni a ƙofar tashar da 'yan kalmomin Turancina. Ma'aikacin ya karɓe ni da kirki, ya yi mini ta'aziyya, ya ce tef tsada gare shi, sun riga sun ɗauki wani abu a kansa. Sau ɗaya aka ji ka, kuma rabin abin ni ne.

Da na koma na gaya wa Inna, ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi, wai wane ne mai kiran a ƙara turmi. Duk wanda ke wurin ya sunkuyar da kai. Na ce mata rediyo yana sauya muryar mutane. Idi, matar da ta goya ni tare da kai, wadda take gane takuna tun daga zaure, kana jin ba ta sani ba? Jira take in faɗa da bakina.

Na sayar da kananzir mai ruwa, na sayar da jakin da ke ɗingishi a matsayin mai hutawa, ban taɓa rasa abin cewa ba. Kwana tara ke nan ina juya magana ɗaya na kasa samun yadda zan gyara ta. Na gane ba ta gyaruwa. Gobe Asabar, bencina biyu za su cika kamar yadda na so, Ikko za ta buga ƙwallonta. Na bar wa maƙwabcina akwatin ya kunna musu. Ni Beli zan tafi, keke ba kaya, in durƙusa gaban Inna in ce ni ne.

In ta yafe, saura kai, kuma kai sai mun haɗu. Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara.

Naka, wanda ka juyo ka duba,
Bala mai tebur, Ƙaraye