Kaset ɗin Wasan Yaya Ja'afaru

Sanyuanli, Guangzhou,
21 ga Oktoba, 2007.

Zuwa ga Yayana Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Na san ba ka nemi jin komai daga gare ni ba, kuma in ka yaga takardar nan kafin ka kai ƙarshenta ba zan ga laifinka ba. Wannan ita ce ta huɗu da na fara, sauran ukun ni na yaga su da kaina.

Ina fatan kana lafiya, an kuma yi sallah lafiya. Yaya Hajiya Kaka da ciwon gwiwarta? Allah ya ƙara mata sauƙi. Baba da Umma suna nan ƙalau, sai dai Baba ba ya samun zama saboda baƙin da suka zo baje-koli. Alhaji Babayo, abokinsa, shi zai kawo maka wannan.

Ranar sallah da Baba ya buga waya ka gaisa da shi, ka gaisa da Umma. Da ta ce ga Najiba, sai ka ce ana kiranka a waje. Ina tsaye kusa da ita, na riga na miƙa hannu. Umma ta gaya maka ta ga ambulan goma a ƙasan akwatin kayan sanyina, da adireshi a kan kowanne, babu wanda ya taɓa zuwa gidan waya. Abin da ba ta gaya maka ba shi ne dalili, don ita ma ban gaya mata ba. Na je na durƙusa gaban Baba, sai ya ce, "Ba ni kika yi wa ba." Shi ya sa na zo gare ka.

Ka tuna a watan Janairu ka aiko da kaset ɗin wasanku na ƙarshe na kofin unguwanni, da 'yar takarda cewa in nemo jami'o'in Amurka da suka fi ƙarfi a ƙwallo, in rubuta wa masu horarwarsu ko za su ba ka gurbin karatu, tunda ni ke da intanet a makaranta. Wallahi Yaya na yi aikin da zuciya ɗaya. Na samo shafi mai jeri biyu, na maza da na mata. A na maza Saint Louis ce a sama da kofi goma, sai Indiana da bakwai, sai Virginia da biyar. Na kwafe goman farko, na rubuta wasiƙun, malamar Turancinmu ta gyara min su har sau biyu. Na kai kaset ɗin wani shago kusa da tashar jirgin ƙasa, mai shagon ya ce irin wannan injin ya daɗe da daina aiki da shi, sai da ya je ya aro wurin maƙwabcinsa, sannan ya juye min shi a faifai goma sha ɗaya.

Na sha ɗayan nan shi ne mafarin komai. Ban kalle shi a gida ba. Na ɗauka na kai wa Malam Chen, malamin wasanninmu, don ya taɓa buga wa jami'arsa, ina so ya ce min wani abu mai daɗi in gaya maka. Ranar ana ruwa, ba a fita fili ba, sai ya ce bari duk ajin su gani, ya sa shi a babbar talabijin ta zauren wasanni. Ban ce musu yayana ba ne. Na bari sai ka ci ƙwallo, in miƙe in ce ga shi nan, lamba takwas, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.

Ban sani ba ko kai ka kalli kaset ɗin kafin ka aiko. Mutumin da kuka ɗauka mai ɗaukar biki ne, kuma biki ya ɗauka. Furanni ne suka fara buɗewa, sai tattabaru biyu suka gifta, sai kiɗan amare. Minti ashirin ana nuna manyan baƙi suna sauka daga mota, ana gaisawa, ana gyara babbar riga, ana raba lemo. Da aka fara wasa, duk wanda ya ɗaga masa hannu a cikin 'yan kallo sai ya juya kansa. Sau biyu ya sa fuskarka cikin zanen zuciya mai ja. Wata akuya ta ratsa fili, ya bi ta har ta fita. Ƙwallon da ka ci kuwa ba ta fito ba. Lokacin yana kan babban baƙo yana ɓare gyaɗa, sai ihu aka ji, da ya juyo kana ta gudu kana ɗaga riga.

Tun daga tattabarun suka fara dariya. Da akuyar ta shigo wani yaro har faɗowa ya yi daga benci. Malam Chen ya yi ƙoƙarin tsawatar musu, amma na ga shi ma yana danne bakinsa. Meiling, wadda muke zama tare, ta juyo ta tambaye ni ko ƙasarmu ce wannan, kuma ko na san mai lamba takwas ɗin. Yaya, sai na ce ban san shi ba. Na ce wani ɗan kasuwa ne ya ba Baba a juye masa, ni ma ban san abin da ke ciki ba. Na yi dariyar tare da su.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ni ma ina buga ƙwallo a nan, ni ce mai tsaron gidan 'yan matan ajinmu. Umma ta sani, da dogon wando da ɗankwali nake yi. Na shekara guda da rabi a makarantar nan ina cin abincin rana ni kaɗai, sai da na fara tare ƙwallo sannan suka koyi faɗin sunana. A ranar nan abin da na ji tsoro ke nan, kada in koma cin abinci ni kaɗai. Ba uzuri nake kawowa ba, so nake ka san ainihin ƙanƙantar abin da na sayar da kai a kansa.

Da na dawo gida na kasa kai ambulan ɗin gidan waya. Duk wanda na ɗauka sai in ga wani Bature a ofishinsa yana kiran abokan aikinsa su zo su ga akuya. Na ce gobe, goben ta zama mako. Da ka tambaye ni a waya na ce na aika. Daga nan kullum sai ka tambaya, kullum sai in ce shiru har yanzu. A cikin watannin nan ban daina buɗe shafin nan ba, amma jerin mata nake karantawa. Na haddace shi. North Carolina kofi goma sha takwas. Ina zaune ina kallon hotunan masu tsaron gidansu, ina sa kaina a ciki, wasiƙunka kuma suna ƙarƙashin rigunan sanyi.

Mafi muni shi ne na watan Yuni, lokacin da kwalejin nan ta Zariya ta ba ka gurbi. Ka ce min Hajiya Kaka ta matsa ka tafi, amma in ka yi rajista kuma amsa ta zo daga Amurka, ka ɓata wa Baba kuɗin rajistar da wahalarsa. Ka ce ni na fi sanin yadda Turawa suke, in faɗa maka gaskiya, ina ganin amsar ta kusa? Da na ce maka ban aika ba, da ka yi fushi na mako ɗaya ka tafi Zariya. Sai na ce manyan makarantu suna ɗaukar lokaci, amma ina ji a jikina za ta zo. Ka ce, "To ƙanwata, na yarda da ke." Aka rufe rajista kana gida.

Ban san me zan roƙa ba. Yafiya ta yi min girma a baki. Na dai ga bai kamata ka ci gaba da zaton mantuwa ce ko ƙuruciya ba. Da sanina na yi.

Ka gaida Hajiya Kaka da Kawu Alhasan da duk mutanen gida.

Ƙanwarka,
Najiba Ma'azu.

Sanyuanli, Guangzhou,
9 ga Disamba, 2007.

Zuwa ga Yaya Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya Kaka. Mu nan lafiya, sanyi ya fara shigowa, Umma ta yi mura amma ta warware.

Alhaji Babayo ya iso ranar Talata. Na kai masa ruwa na tsaya a bakin ƙofa ina jira ko zai ciro takarda. Ya gama lissafa saƙon kowa, sannan ya dube ni ya ce kai ka ce a ba shi kaset ɗinka ya mayar maka. Na ce to. Ga shi nan na naɗe shi a cikin ledarsa ta asali, ban taɓa komai a jikinsa ba.

Na ji yana gaya wa Baba cewa yanzu kullum kana shagon Kawu Alhasan a Kantin Kwari, kuma yaran unguwa sun zo har sau uku suna nemanka wasa ka ce ba ka da lokaci. Wannan ya fi komai tsaya min a rai.

Akwai faifai ɗaya da takarda da na haɗo da su, bari in yi maka bayani don kada ka ɗauka wani sabon shisshigi ne. A masallacin Huaisheng, ɓangaren mata, na saba da wata Anti Zeinabou, 'yar Damagaram, tana karatun injiniya a wata jami'a a nan, kuma tana buga wa 'yan matan tsangayarsu. Wata Juma'a bayan an idar na gaya mata komai. Ba ta rarrashe ni ba. Ta ce abin da na yi ba shi da kyau, ta kuma ce in kawo faifan ɗakinta ranar Asabar.

Ita ma ta yi dariya da ta ga tattabarun, har da riƙe ciki, ta ce ko bikin yayarta haka aka yi musu, mai ɗaukar ya fi nuna tukunyar abinci a kan amarya. Ban ji zafin dariyarta ba, na rasa dalili. Da ta gama sai ta jawo kujera ta ce to yanzu mu nemo yayanki. Muka bi faifan a kwamfutarta kaɗan-kaɗan, tana tsayarwa tana komawa baya, duk inda ka fito ta yanke ta ajiye. Asabar uku muka yi. A cikin awa biyu da ɗoriya, abin da ya fito naka minti uku ne da daƙiƙa arba'in. Shi ne a faifan nan, babu kiɗa, babu furanni.

Yaya, ban taɓa kallon wasanka ba sai a ɗakin nan. A zaure fuskokin 'yan ajinmu nake kallo. Anti Zeinabou ta nuna min yadda kake ɗaga kai ka dubi bayanka tun ƙwallo ba ta iso ba, da wata da ka aika da ƙafar hagu ta ratsa tsakanin mutum uku. Ta maimaita ta sau biyar. Ta ce wanda ya yi wannan a kan yashi, ba wasan yara yake yi ba.

Amma ta ce in gaya maka gaskiya duka, kada in ƙara yi maka zaɓen abin da za ka ji. Ta ce minti uku ba ya isar mai horarwa ya yanke hukunci. Ta ce goman nan na sama da na kwafe, galibi 'yan wasan da suka riga suka yi suna suke ɗauka, ko da na aika zai yi wuya su amsa. Na so in ji sanyi da wannan, sai ta ce kada in kuskura. Da na faɗi gaskiya tun Fabrairu, da ka sake ɗaukar wani wasan, da ka kuma yi rajistarka a Zariya kana jira daga can.

Shawararta ita ce ka sami wanda zai hau wuri mai tudu ya ɗauki wasa guda daga farko har ƙarshe, ya bi ƙwallo kawai, ko gwamna ne ya zo kada ya juya. A takardar akwai sunayen ƙananan kwalejoji ashirin da adireshinsu, waɗanda ta ce sun fi duba 'yan ƙasashen waje. Ta ce babu tabbas ko a nan, don haka ka sake neman Zariya bana, kada ka jira kowa. Ban aika wa ko ɗaya komai ba. Ba zan ƙara taɓa abin da yake naka ba sai ka ce.

Ranar Litinin da ta wuce na tsayar da Meiling a bakin fili. Na ce mata faifan nan da Malam Chen ya sa ranar da ake ruwa, mai lamba takwas ɗin yayana ne, sunansa Ja'afaru, ƙarya na yi da na ce ban san shi ba. Na kwana biyu ina shirya maganar. Sai ta ce wane faifai? Na tuna mata da furannin da akuyar, ta ce wataƙila ta tuna akuyar. Ta ce in yi sauri in sa safar hannuna, ana jiranmu. Na shiga raga na tsaya, aka zura min uku ban ga ko ɗaya ba.

Alhaji zai sake dawowa bayan babbar sallah. Ba na roƙon ka rubuto, ba na roƙon ka karɓi waya. Izini kawai nake nema in ƙara rubuto maka. In ka yarda, ka ce wa Alhaji "to", zai gane, ni ma zan gane. In bai zo da komai ba, ba zan dame ka ba, zan jira zuwansa na gaba in sake tsayawa a bakin ƙofa.

Ka gaida Hajiya Kaka, ka ce ta sa ni a addu'a. Allah ya kai mu sallah lafiya.

Ƙanwarka,
Najiba.