Furen Baba da na sa a wuta

Zuwa ga ƙanin mijina Kuttappan,

Gaisuwa mai yawa. Ubangiji ya ƙara maka lafiya, ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan. Mu nan ƙalau, sai ruwa da ya ƙi tsayawa. Saniya ta haihu, mace.

Ba zan yi ta zagaye ba, na yi abin kunya. Ka tuna furen katakon nan na Baba mahaifinku, na gwajin da ya sassaƙa kafin ya yi na rufin zauren fada? Ka san al'adarku, na gwaji a gida yake zama. Tunda yayanka ya rasu yake jingine bayan murhu. Watan jiya itace ya jiƙe, ga shinkafa na ɗora zan turara. Na sa gatari na faskara shi. Ya ci wuta sosai, ba zan ɓoye maka ba.

Shekaranjiya sai ga masu gyaran fada su biyu, sun cire takalmi tun daga bakin hanya, suna ta ce min Amma, wato Inna. Wai gara ta cinye na zauren, ya faɗo gari-gari. Furannin rufin kuwa babu biyu iri ɗaya. Hoton da suke da shi fuska kawai yake nunawa, ba ya nuna bayan, inda Baba ya yanka ya shige cikin gungume ba ƙusa. Suka ce in ara musu namu su duba. Na ce shi ma gara ta ci. Sai Sarasu maƙwabciya ta leƙo ta katanga, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin garar da ke hayaƙi ba. Ba su yi dariya ba. Da sun yi ma da ya fi min sauƙi. Babban ya sha shayinsa, ya yi godiya, suka tafi.

Yanzu in ba a samu mai tunawa ba, allo za su liƙa a gurbin furen Baba. Kai ka koyi riƙon kurfin sassaƙa a kan furen nan, babu wanda ya rage sai kai. Na ji an ce hannunka na rawa. To ka zauna ka nuna musu da baki. Ka baro Bombay kafin su sauke tsani. Zagin da za ka yi min ka taho da shi, zan tsaya in ji.

Ka gaida Omana da Sukumaran da yara.

Matar yayanka,
Ponnamma