Ƙullin Inna a Wuyan Mota

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo, a makwancinta na Kalgo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ɗa ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke ƙannena suna lafiya, shinkafar fadama kuma ta yi kyau bana. Ni ne dai na gaji, Inna. Ba gajiyar hanya ba, wannan na saba da ita.

Kin san ni ke tuƙa motar Malam Ige, attajirin Gwandu, ina yi masa jigilar fatu da bandar kifi. Ranar da na fara shigowa da ita Kalgo gari ya fito kallo, awaki suka watse, ke kuwa kika tsaya bakin zaure fuska a ɗaure. Ba ki dube ni ba. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ki taɓa kira ba saboda kunya. Ƙanwata Kulu kika tambaya: "Wanga dokin ƙarhe nashi, ina wuyanai?" Muka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Zuwana na ƙarshe kina raye, injin ya yi zafi, na buɗe murfinsa a ƙofar gida don ya sha iska, na tafi sallar la'asar. Da na dawo na rufe, na yi miki sallama. Kina tsintar shinkafa, ba ki ɗago ba, kika ce, "A sauka lahiya." Ba a jima ba aka aiko mini Gwandu cewa kin rasu.

Tun daga wannan tafiya motar ta koma shan fetur kamar an yi mata baki. Garwar da ke kai ni gida har da saura sai ta ƙare a tsakiyar daji, in zauna gindin kalgo ina jiran mai jakin da zan aika neman fetur. Malam Ige bai ce mini ɓarawo ba da farko. Ɗakin garewanin fetur kawai ya sa wa kwaɗo, ya riƙa tsayawa a kaina in zan zuba. A kasuwar Gwandu kuwa an gama shari'a: wai ina sayar wa direbobin Jega fetur ɗin. Mutanen da na ɗauka kyauta zuwa Masama su ne suka fi kowa rantsuwa.

Ba abin da ban duba ba. Na shimfiɗa buhu a ƙarƙashinta ko tanki na yoyo, buhu ya wuni a bushe. Na buga wa tayoyi iska har kafaɗuna suka sage. Na ɗaga ƙafafun baya na juya ko birki ke riƙe su, suna juyawa sumul. Na rage kaya, aka ce lalaci ne. Na kwance fulogai, su ne masu ba injin wuta, na same su baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. In na goge yau, gobe sun koma. Hayaƙi kuwa baƙi, yana bina duk inda na bi.

Wata ranar kasuwar Maruda ina zaune ina kallon hayaƙin nan, sai na tuna murhunki da damina. In wuta ta rasa iska haka take yi, ta cinye itace ta cika ɗaki da hayaƙi, sai kin durƙusa kin hura. Na ce ashe motar nan numfashi ne ba ta samu.

Akwai wata waya da ake ja da safe ta toshe wa injin iska don ya tashi, in ya tashi a sake ta. Na bi wayar da hannu har can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Yatsana ya taɓa fata. Laya ce, Inna, an ɗaure ta tam da zaren saƙi, an haɗa wayar da ƙarfen kusa da ita, har wayar ta kasa komawa wurinta. Ƙullin na san shi. Da shi kike ɗaure bakin buhun iri, da shi kika ɗaura wa jakin Baba laya a Diggi.

Ashe kin samo wuyan.

Na zauna a ƙasa cikin kasuwa, babba da ni, ina kuka mutane na ratse ni. Na yi ta fama in kwance shi da farce, ya ƙi. Ke ba kya ƙullin wasa. Dole na sa wuƙa.

Tun ranar motar ta dawo daidai, hayaƙi ya washe, garwa tana kai ni gida har da saura. Da Malam Ige ya gani sai ya yi murmushi a gaban yaransa ya ce, "Ashe dai ɓarawon ya ji tsoro." Layar tana aljihuna a lokacin. Da na fito da ita, da na wanke kaina nan take. Amma na san Gwandu. Kafin magariba labarin tsohuwar Kalgo da ta ɗaura wa mota laya zai zaga kowane zaure, har yara su mai da shi waƙa. Sau ɗaya tak kika nuna kina jin tsoro a kaina, shi ma a ɓoye, ba zan miƙa shi ga masu dariya ba. Na bar layar a aljihuna.

Har yau kwaɗon yana ƙofar ɗakin garewani. Ina tuƙi, ina gaida mutane, suna amsawa da rabin baki. Yana da nauyi, Inna, ba zan ɓoye miki ba. Layar kuwa na sa mata sabon zare, tana wuyana, wuyan da kika nufa tun farko.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi. Allah Ya sada mu a inda babu kunya tsakanin uwa da ɗan fari, ko sau ɗaya in ji sunana a bakinki.

Ɗanki na fari,
Umaru.